Jinjina Ga Gwanayen "Da A Ce"

Allah ya ja zamanin malaman "da a ce", bajiman alƙalami, gagara-badau na bayan fage, masu cin yaƙin da aka tashi daga shi shekara tamanin da suka wuce ba tare da ƙura ta taɓa rawaninsu ba. Su ne suka gano sirrin da ya gagari manyan hafsoshin duniya: ashe Jamus ba ta sha kaye a Yaƙin Duniya na Biyu don komai ba, sai don Hitler ya yi wa jirgi ƙwaya ɗaya katsalandan.

Jirgin kuwa shi ne Me 262 na kamfanin Messerschmitt, wanda ya fara tashi da injin jet zalla a watan Yulin 1942. A Nuwamban 1943 aka baje wa Hitler kolinsa a Insterburg, ya tambaya ko zai ɗauki bam, aka ce masa zai ɗauka, daga bisani ya kafe a kan lallai sai ya zama mai ruwan bama-bamai maimakon mafaraucin jirage. Nan shehunnan namu suka kafa tuta. Da a ce ya kama bakinsa, in ji su, da sararin Turai ya gagari Amurka da Ingila.

Kai, baiwa dai daga Allah take! Injin Jumo 004 da jirgin ke tashi da shi, in ya yi awa 25 yana aiki ya yi tsawon rai, wani tun a awa 10 yake cewa ga garinku nan, saboda Jamus ta lokacin ba ta da wadataccen nikel da kuromiyam, ma'adinan da ke sa ƙarfe ya jure wuta. Injiniyoyin kamfanin Junkers da ya ƙera injin, bayin Allah marasa basira, sun yi shekaru suna kokawa da wannan. Malamanmu da jimla ɗaya suke wuce shi, ko waiwaye babu. Haka man jirgi: tun daga Mayun 1944 ake ragargaza matatun irin su Leuna, a Agusta kuma rijiyoyin Romaniya suka kuɓuce, amma a takardar waɗannan dattawa tanki bai taɓa yin ƙasa ba. Matuƙa fa? Ai waɗannan sai dai a yi kira su fito, kowanne ƙwararre tun daga cikin uwarsa.

Masu ƙaramar fahimta sukan ce an ƙera jirgin kusan 1,400 kuma kaɗan ne daga ciki suka taɓa shiga fama, alhali Amurka a 1944 kaɗai ta ƙera jirage fiye da 90,000. Wannan ai lissafin 'yan tireda ne. Mai sarauta ba ya ƙidaya.

Sai dai abin da ya fi cancantar a buga musu tambari shi ne kawaici, irin na manya na asali. Suna iya cika shafi goma kan kusurwar fiffike da girman bindiga, amma tarbiyya ba ta barin su ambaci fursunonin sansanin Gusen, waɗanda aka tilasta wa haƙa ramuka a ƙarƙashin ƙasa, suna harhaɗa gangar jikin jirgin cikin yunwa da duka, suna faɗuwa matattu ana kawo wasu. In suka ce "da an ninka yawan jiragen tun 1943", da murmushi suke faɗa, kuma ladabi kan hana almajiransu tambayar daga wane sansani za a kwaso ƙarin hannuwan.