Masu Kuɗi Kala-Kala: Rahoto Daga Bakin Get

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka ce tallafin mai ya tafi, hirar majalisarmu ta teburin mai shayi ta koma kan abu ɗaya. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare ta tsallake dubu. Kullum sai wani ya tambaya: wai masu kuɗin nan suna tausayinmu kuwa? Wanda ya raba gardamar shi ne Baba mai gadi, wanda ya yi shekara ashirin yana buɗe get a unguwar Nasarawa. Ya kurɓi shayinsa ya ce, "Ku daina cewa masu kuɗi a dunƙule kamar curin fura. Kala-kala ne." Abin da ke tafe rabinsa daga bakinsa na ji, rabi kuwa ƙafata ce ta kai ni.

Akwai Alhaji Riga-ka-kuka. Ka kwana kana tsara yadda za ka ce masa mai gidan haya ya ba ka notis, amma kana gama gaisuwa zai ja dogon numfashi ya ce, "Malam, ƙasar nan sai addu'a." Daga nan sai labarin kwantenarsa da ta maƙale a tashar ruwa ta Legas, da dala da ta ƙi sauka, da dizal ɗin da janareto ke sha kamar rijiya. Minti ashirin yana yi, kai kuma kana "ash-sha, Allah ya kawo sauƙi." Za ka fito kana jin kunyar kanka. Wani abokinmu ya rantse saura kaɗan ya miƙa masa kuɗin motar da zai koma gida da su.

Ƙaninsa shi ne Alhaji Allah-ya-hore. Wannan ba ya kuka, romon baka yake rabawa. Addu'arsa doguwa ce, mai daɗi, har da dafa kafaɗa. Matsalar kawai mai awo a Dawanau ba ya karɓarta.

Sai masanin zakka, wanda a kansa zan ɗan daɗe, domin ilmi ne da shi na gaske. Ya san nisabi giram 85 ne na zinare, ya san ɗaya bisa arba'in ake fitarwa, ya san sai dukiya ta shekara a hannu. Wannan sharaɗin na ƙarshe shi ya fi ƙauna. Idan shekara ta kusa zagayowa sai ka ga son Hajiya ya taso masa, ya yi mata kyautar rabin jarinsa, bayan wata guda ita ma son Alhaji ya taso mata ta mayar masa. Abin da ya rage kuma ba kuɗi yake fitarwa ba. Yana shiga sito a Kantin Kwari ya zaɓo atamfar da ta shekara uku ba wanda ya taya, wadda rana ta cinye gefenta, ya ƙiyasta ta da farashin sabuwa. Direbansa ma a cikin zakkar ake biyansa albashin watan azumi, wai ai shi ma miskini ne. Wa ya mayar da shi miskinin? Baba mai gadi ya ce wannan tambayar ba a yin ta a cikin gida, sai an fito waje. Ni dai abin da ke ɗaure mini kai, mutumin da ba ya yarda yaron shagonsa ya yi masa wayon naira ɗari, shi ne yake zaton lissafin nan zai wuce ba a duba ba.

Alhaji Mai-hoto ba ya ɓoye alheri, tsoro yake kada ya ɓata. Buhun shinkafa ɗan kilo biyar, fuskarsa a jiki ta fi shinkafar faɗi. Za a jera ku tun hantsi, amma ba za a fara ba sai mai kyamara ya iso, kuma idan ka karɓa ba ka yi murmushi ba a ce ka dawo da shi a sake. Kafin ka isa gida surukanka sun gan ka a Facebook. A nan dariyar takan tsaya mini a wuya, domin a azumin 2024 mata sun mutu a Bauchi a turmutsitsin karɓar zakka, a watan Disamban shekarar kuma aka yi irin wannan rashi a wuraren rabon abinci a Ibadan da Abuja da Okija. Yunwar da za ta sa uwa ta kutsa irin wannan cinkoso ta wuce abin ɗauka a hoto.

Ɗan siyasa ba sai na ɓata tawada ba. Tausayinsa damina ce mai zuwa sau ɗaya a shekara huɗu, da taliya da sabulu.

Tsohon talaka ya fi kowa zafi. "Ni da ka gan ni, da tallan goro na fara." Gaskiya ne, amma ba ya faɗin kawun da ya ba shi jari, ko ubangidan da ya bar masa shago. Shi a wurinsa talauci lalaci ne. Ka ce masa mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun Yulin 2024, kuma a ƙarshen shekarar buhun shinkafa ya fi haka, sai ya ce a zamaninsa wa yake cin shinkafa in ba da salla ba. Ka zo neman rance, ka koma da lacca.

Hajiya mai gidauniya kuwa inuwar giginya ce, na nesa ka sha ta. Tana kama zauren otal a Abuja a tattauna halin da marayu ke ciki, a ci kaji, a raba jakunkuna masu tambari. Yarinyar da ke mata wanke-wanke wata uku ke nan tana jin "sai na dawo daga tafiya." Mijinta goman ƙarshe na kowane azumi a Makka yake yin ta, kuma an shaide shi yana kuka a gaban Ka'aba yana yi wa talakawan Najeriya addu'a. Maƙwabcin da katangarsu ɗaya da gayan koko yake buɗe baki.

Na tambayi Baba, to ba na kirki ke nan? Ya ce akwai, sai dai ba a ganewa da wuri. Ya yi gadin wani dattijo mai ɗaure fuska, wanda unguwa ke kira marowaci domin ba a taɓa ganin layi a ƙofarsa ba. Ya san farashin kwanon masara na kowane mako, ya san sunan 'ya'yan mai wankinsa. Bayan rasuwarsa da wata guda mai kantin unguwa ya fara bin mutane bashi, mai kemis ma haka, wasu yara aka koro su daga makaranta. Ashe duk ƙarshen wata Baba ake aike da ambulan da daddare, da sharaɗin in ya faɗa a bakin aikinsa. Waɗanda suka fi zagin dattijon a raye suna cikin waɗanda mai kantin ya fara yi wa sallama.

A watan jiya na kwashi adashe, naira 200,000 cur, irin kuɗin da ban taɓa riƙewa a dunƙule ba. Ban san wanda ya kai labari ƙauye ba. Washegari da sassafe ɗan ƙanwar babata ya kira. Na bar wayar ta yi ta ƙara har ta gaji, a kira na uku na ɗauka. Ya ce, "Yaya, ina kwana, dama maganar kuɗin makarantar yara ce." Sai na ji na ja dogon numfashi na ce, "Ƙanena, ƙasar nan sai addu'a."