Benci Ya Riga Mai Shi Zuwa

Ɗan ƙanwata, wanda muke kira Auta, yana aji biyu na babbar sakandare a wata makarantar jeka-ka-dawo a ƙasar Doguwa. Yaro ne mai shiru-shiru, abin da ka tambaye shi kaɗai zai ba ka, ba ragi ba ƙari. Da na je gida na tarar da shi da labari, na ga bai kamata in ci ni kaɗai ba. Ba da kowa nake ba, labarin benci ne.

Wata Litinin cikin hunturu suka iso makaranta suka tarar da akori-kura a bakin aji, ana loda bencina. Aka ce gyara za a kai su. Su saba'in da ɗoriya ne a ajin, benci goma sha huɗu, don haka dama rabin aji a ƙasa yake zama. Ranar sai aka yi adalci, kowa ya sauko. Wanda ya san sanyin Doguwa, ƙasar duwatsu, ya san siminti ba abokin zama ba ne a Disamba. Washegari kowa ya zo da buhun taki a naɗe a hammata.

Ranar Laraba malamin Turanci ya ware yara ashirin, masu tsafta da waɗanda bakinsu ya ɗan karye da Turanci, ya ce gobe za a kai su ziyarar sada zumunta wata makaranta can wajen Bebeji. Auta bai taɓa wuce Tudun Wada ba. Da dare uwarsa ta goge masa riga da dutsen guga na gawayi, ta ƙulle masa ƙuli-ƙuli a leda.

Da asuba suka kama hanya. Suka ratsa dajin Falgore ana ta leƙen taga ko za a ga biri, suka wuce Tudun Wada masu shinkafa suna buɗe rumfuna, suka faɗa babban titin Zariya zuwa Kano a Kwanar Ɗangora. Ya ce a nan ya fara ganin tireloli jere kamar garu.

Makarantar kuwa, tun daga ƙofa ta cika masa ido. An jera duwatsu gefen hanya an shafe su da farar ƙasa, har itatuwan darbejiya an sa musu farin wando zuwa gwiwa. Ƙamshin fenti ko'ina. Kafin su gama kallo aka shigar da su wani ɗaki, aka miƙa wa kowa rigar makarantar.

"Malam, ai muna da tamu," in ji Auta.

"Ka sa dai. Baƙo na gari ba ya fita daban."

Aka zaga da su. A ɗakin gwaje-gwajen kimiyya ya ga madubin ganin ƙwayoyin cuta, wanda shekara biyu yana zana hotonsa a littafi bai taɓa ganinsa ido da ido ba. Yana cikin ledarsa, an ce kada a taɓa. Ya murɗa famfo, sai ga ruwa. Wani yaro ɗan makarantar da aka haɗa su ya raɗa masa cewa ya rufe da sauri, da safen nan tanka ta kawo, ba a so ya ƙare kafin baƙi su gani. Su kullum daga rijiya suke ja.

A nan na ɗan katse shi, don abin ya taɓa ni. A ƙasar Bebeji fa madatsar Tiga take, wadda aka kammala a 1974 zamanin Audu Baƙo, ruwan da ke shayar da gonakin Kadawa da Kura rani da damina. Ga madatsar Bagauda kusa. Amma bari in yi shiru, na ce labarin benci zan bayar.

Aka kai su aji, aka cakuɗa su da 'yan gida, uku-uku a kan benci, kowa da sararin gwiwar hannu. Bencina shuɗaye fes, fentin bai gama bushewa ba. Auta na zama, benci ya yi ɗingishi zuwa hagu. Ya ce gabansa ya faɗi, don ya san wannan ɗingishin kamar yadda ya san tarin kakarsa. Ya shafa gefen katakon, sai yatsansa ya faɗa cikin zanen motar da ya sassaƙa da tsinin kamfas tun yana aji ɗaya, har da tayar da ya yi kuskure ta fi sauran girma. Fenti ya rufe ta, amma bai cike ramin ba. Ya yagi bangon littafinsa, ya ninka huɗu, ya tura ƙarƙashin ƙafar baya. Benci ya tsaya cak, ya gane mai shi.

"Bencina ne wannan," ya ce wa yaron.

Yaron ko mamaki bai yi ba. "To. Malamin lissafin can ma daga wajen Ƙiru aka aro shi. Kwamfutocin na wani mai shago ne."

Mun san aro, ba baƙonmu ba ne. Mun ga ɗakin amarya da aka cika da kwanukan maƙwabta, kwana bakwai kowa ya zo ya ɗauki nasa. Sai dai can ba a rubuta rahoto a kai. Kuma ba wai Kano ba ta san yadda ake yin abin gaske ba ne: makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da aka buɗe a 1977, likitocinsu da injiniyoyinsu suna nan ana ganinsu, ba fenti ya yi su ba. Zaman yara a ƙasa kuma ba asiri ba ne, yana cikin abin da aka faɗa a fili ranar da aka ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a jihar cikin Yunin 2024. Abin da aka riga aka faɗa a bainar jama'a, ban san wa ake ɓoye wa ba.

Tun ƙarfe tara suke zaune, sai bayan azahar motoci suka shigo. Babban baƙon ya leƙo ajin, shugaban makaranta na biye da shi yana murmushi har kunne, ga mai ɗaukar hoto, ga wata mata da littafin rubutu. Cikin yara duka, sai Allah ya tsayar da shi a kan Auta.

"Yaro, kana jin daɗin karatu?"

"Ina ji, ranka ya daɗe."

"Tun yaushe kake zama a kan wannan benci?"

Auta ya ce ya ga malaminsu ya daina numfashi.

"Shekara biyu ke nan, ranka ya daɗe."

Aka ɗauki tafi. Baƙon ya juya ya ce a rubuta, wannan shi ne riƙon amana, kaya shekara biyu kamar jiya aka kawo su. Matar ta rubuta. Shugaban makaranta ya dafa kan Auta ya sa masa albarka, alhali ko sunansa bai sani ba. Duka-duka minti ashirin, motoci suka tayar da ƙura. Aka raba shinkafa da lemo, aka karɓi riguna ana ƙirgawa, aka kashe janareta.

Na ce masa, "Kai kuwa me ya hana ka faɗi gaskiya?"

Ya dube ni. "Kawu, wace ƙarya na yi?"

Na rasa ta cewa.

Bayan mako biyu akori-kura ta dawo da benci goma sha ɗaya. An gyara su kuwa, tunda ga fenti, har da sunan waccan makarantar a bayansu. Na Auta ba ya ciki. Hotonsa dai ya fito a Facebook, yana zaune ɗaram cikin rigar aro, har wata gwaggonsa ta bugo waya daga Kano tana faɗan an sauya wa yaro makaranta ba a gaya mata ba.

Ranar da zan dawo ya rako ni bakin titi, buhun takinsa a hammata. Mota ta tsaya, ina ƙoƙarin shiga, ya riƙe ƙofar.

"Kawu, ta Bebeji za ka wuce ko?"

Na ce ta gefenta dai.

"In ka ga wani ɗan makarantar, ka ce a gaya wa mai zama a kai ya riƙa sa kwali a ƙafar baya ta hagu. In ba haka ba zai ɓata masa rubutu."