A gaishe da Kinect, wadda ba ta raina ɗan kallo

Kamfanin Microsoft ya cancanci jinjina. A watan Nuwamban 2010 ya dubi wahalar da ɗan Adam ke sha ta danna maɓalli, ya tausaya, ya fito da Kinect: kyamarar da ake girkewa gaban talabijin a haɗa da na'urar wasa ta Xbox 360, ta riƙa karanta motsin jiki. Ka ɗaga hannu, na cikin allo ya ɗaga. Ka yi tsalle, ya yi. Cikin kwana 60 aka sayar da miliyan 8, har ta shiga kundin Guinness. Dala 150 kacal, sai ɗan sharaɗi ɗaya: 'yan wasa biyu na bukatar fili kamar ƙafa 8 tsakaninsu da allo. Wanda falonsa bai kai ba, me zai hana ya sake gida?

Amma karamcinta ya fi komai burgewa. Da can ɗan kallo ba a bakin komai yake ba, ya yi shewa ya tashi. Kinect ta kawo ƙarshen wannan wariya. Tana lura da mutum har shida a ɗaki, tana bin gaɓoɓin biyu daga ciki. Uwa ta gifta da faranti, ko ƙaramin yaro ya rugo, nan take za a san da zuwansu, wani lokacin ma a saki mai wasan a kama su. Ba gayyata, ba neman izini. Wane mai masauki ne ya kai haka son baƙi?

Da yake mai ƙirga baƙi ba ya rasa dalili, a 2011 kamfanin ya nemi rajistar wata dabara: kyamara ta ƙidaya masu kallon fim, in sun zarce adadin da aka biya wa, a nemi ciko. Ba a kai ga aiwatarwa ba, amma ai niyya ma tana da lada.

A 2013 kulawa ta ƙaru. Sabuwar Kinect ta Xbox One tana bin mutum shida, gaɓa 25 a jikin kowanne, tana gani cikin duhu, tana kintata bugun zuciya daga launin fuska, kunnenta kuma a buɗe yana jiran a kira ta. Don kada kowa ya rasa wannan alheri, aka haɗa ta dole da na'urar a kan dala 499, alhali kishiyarta PlayStation 4 na kan dala 399. Sai ga Peter Schaar, kwamishinan kare bayanan jama'a na Jamus a lokacin, yana kiranta na'urar sa ido. Butulci ke nan! Da aka ji a 2019 cewa ma'aikatan kwangila sun saurari muryoyin da Xbox ta naɗa a gidaje, har da na yara, ai tabbaci ne cewa maganar iyali ba ta faɗuwa ƙasa banza.

Jama'a dai ba su san gata ba. A 2014 aka raba ta da na'urar, farashi ya sauka da dala 100, a 2017 aka daina ƙera ta. Sai dai kada masoyanta su yi kuka. PrimeSense, kamfanin Isra'ila da ya ƙera idon Kinect ta farko, Apple ya saye shi tun 2013, kuma irin wannan fasaha ce ke gane fuska a iPhone. Waɗanda suka kore ta daga falo, yau da hannunsu suke miƙa mata fuska, safe da yamma, kuma su ne masu biya.