Lauyan da ke Cikina

Duk unguwarmu babu wanda ya kai ni sanin yadda ake rage tumbi, kuma babu wanda ya kai ni tumbi sai wani dillalin filaye, shi ma a tsaye ne. Idan muka zauna a tabarma ɗaya na ba shi rata. Ba cika baki nake yi ba. Tare ni a majalisa bayan la'asar ka tambaye ni yadda ake tara tsoka a zubar da kitse, za a kira magariba ban kai rabi ba. Akwai samarin da suka ɗauki bayanina suka yi aiki da shi, yau ga su nan sun murɗe, riga na neman yagewa a damtsensu. Idan mun haɗu sukan rusuna su gaishe ni, su kawar da ido daga cikina saboda ladabi.

Kada a ɗauka lalaci ne. Ina zuwa ɗaga ƙarfe. Wani kango ne a bayan layinmu da aka yi wa rufin kwano, da benci guda biyu da aka lulluɓe da ledar tsohuwar kujerar mota. Ƙarafan wasu na kanti ne, wasu giyar babbar mota ce mai walda ya haɗa, wasu kuma siminti aka zuba a gwangwanin fenti aka soka bututun ruwa a tsakiya. A bango akwai tsagaggen madubi da hoton Arnold Schwarzenegger, wanda ya ci gasar Mr. Olympia sau 7, rana ta koɗe shi har ya koma shuɗi. Mai kula da wajen, wanda kowa ke kira Koci, sa'an autanmu ne. Yana ce min Alhaji, amma idan na kwanta a benci ƙarfe na kan ƙirjina, girmamawa takan tafi hutu. "Saura biyu, Alhaji! Tura! Wallahi ba zan karɓa ba!" Kuma ina turawa. Wannan ɓangaren ban taɓa cin amanarsa ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne, akwai wani lauya da ya kama haya a cikina. Duk gaskiyar da na karanta game da jiki, kafin ta sauko daga kai ta iso ga aiki sai ta bi ta ofishinsa, ta fito ta zama hujjar ƙarin abinci. Bai taɓa yin ƙarya ba. Shi dai ya san inda zai tsaya da karatu.

Ɗauki maganar furotin. Tsoka ba ta ginuwa da iska. Idan ka wahalar da ita da ƙarfe, jiki na buƙatar kayan gyara, kuma masu bincike sun daɗe suna cewa mai son ƙarin tsoka ya nemi wajen giram 1.6 na furotin a kowane kilo na nauyinsa kullum. Mai kilo 95 irina ke nan yana neman giram 150 da 'yan kai. Ƙwai ɗaya kuwa giram 6 ne kacal. Da lauya ya ji wannan lissafi sai ya miƙe ya gyara riga: ashe duk shekarun nan cutar kanmu muke yi, ƙwai 25 ake bin mu kullum! Daga wajen ƙarfe, gumi bai bushe ba, sai teburin mai shayi.

Ina so mai karatu ya tsaya a nan tare da ni, don wajen ya cancanci a tsaya. Mai shayinmu ba ya tambaya ta. Da ya hango ni sai ya ɗauko kofin roba ya fasa ƙwai huɗu da hannu ɗaya, ya yanka albasa da attaruhu a tafin hannunsa kai tsaye cikin kofin, ya marmasa magi, ya kaɗa. Sannan ya ɗauko jarkar man gyaɗa. Cokali ɗaya na mai kusan kalori 120 ne, domin giram ɗaya na maiƙo kalori 9 yake ɗauke da shi, alhali na furotin ko na sitaci 4 ne. Na san wannan kamar sunana. Amma mai shayi bai san cokali ba, jarkar yake karkatawa yana hira da wani, sai ya gama jimlarsa yake ɗagowa. Ƙwan ya kumbura ya yi gefe-gefe mai ƙauri. Ya raba burodi gida biyu, ya shafe shi da bota, ya tura wainar a ciki, ya mayar kan kaskon ya danne da gindin kofi har burodin ya shanye ragowar man. Ga shayi mai kauri, madarar gwangwani ta sauka a ƙasa, suga cokali uku a sama. Duk abin nan a littafin lauya sunansa ɗaya: furotin, giram 24.

Tsire ma furotin ne, har da ribar ƙuli-ƙuli, sai dai ni nakan nuna da yatsa in ce a sa min mai ɗan kitse-kitsen nan. Awara waken suya ce, babu mai musun amfaninta, amma wadda nake so ita ce wadda aka soya, aka tsoma a ƙwai, aka sake soyawa. Na sani sarai cewa dafaffen wake, da alale, da gasasshen kifi, da kindirmon da ba a zuba wa suga ba, za su biya buƙatar da kuɗi kaɗan. Ni na koya wa samarin nan haka. Su suka ci wake, ni na ci bayani.

Shari'ar da lauya ya fi alfahari da ita ita ce ta hutu. Gaskiya ne cewa ba a lokacin ɗaga ƙarfe tsoka ke girma ba, a lokacin hutu ne, musamman a barci, shi ya sa ake cewa a bar tsokar da aka wahalar ta sami wajen kwana biyu kafin a koma mata. Hukumar Lafiya ta Duniya ma cewa ta yi babba ya yi atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako, ya haɗa da aƙalla minti 150 na motsa jiki irin tafiya da sauri. Lauya ya karanta wannan da kyau, sai dai idonsa ya tsallake "aƙalla" duka biyun. Minti 150 ɗin kuma ya ce tafiya masallaci sau biyar ta biya, alhali masallacin jikin katangata yake.

A nan dole in yi wa kaina adalci kaɗan, don hutun farko na sha wuya kafin na same shi. Ranar da Koci ya fara sa ni tsugunne-tashi da ƙarfe a kafaɗa, na koma gida ina jin kaina garau, har ina raina abin. Ciwon tsoka ba ya zuwa a ranar. Sai washegari yake sallama, ya kai ƙololuwarsa a kwana na biyu. Ya same ni a sahun farko na sallar azahar. Na yi ruku'u lafiya. Na tafi sujada, cinyoyi suka ƙi, na faɗi da gwiwa tim. Da liman ya yi kabbarar tashi, wani nishi ya kufce min wanda har yau ban yarda daga bakina ya fito ba. Bayan sallama wani dattijo da ya haura tamanin ya matso ya ce, "Ɗana, akwai kujera a baya, ni na daina amfani da ita."

Sai kuma ƙa'idar ƙari a hankali, wadda ita ce ginshiƙin sana'ar baki ɗaya: jiki na sabawa da nauyi, don haka sai ka riƙa ƙara masa kaɗan-kaɗan, kilo biyu yau, ɗagawa ɗaya gobe. Mutanen Girka na da labarin wani ɗan kokawarsu, Milo na garin Kuroton, da ya rayu a ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ci gasar Olamfik sau 6. An ce ɗan maraƙi ya riƙa saɓawa a kafaɗa kullum, maraƙin na girma ƙarfinsa na ƙaruwa, har ya wayi gari yana ɗaukar bijimi. Na ba da labarin nan a majalisa ya fi a ƙirga. Ranar da na gano cewa garin Milo da ake kaɗawa a shayi, wanda aka fara yi a Ostareliya a 1934, sunan wannan ɗan kokawa aka sa masa, lauya bai ko yi dogon jawabi ba. Ya dubi gwangwanin da ke kan teburin mai shayi, ya dube ni. Aka ƙara cokali biyu. Ƙa'idar ma na bi ta sau da ƙafa, sai dai a faranti: malmala ɗaya da rabi, sannan biyu, sannan biyu da ƙanzo.

Sikeli ya yi ƙoƙarin faɗa min gaskiya, lauya ya kore shaidarsa. Hujjarsa ita ce tsoka ta fi kitse nauyi idan girmansu ɗaya, saboda haka duk hawan da allurar ta yi tsoka ce. Abin da bai karanto wa kotu ba shi ne, sabon shiga mai ƙwazo da kyar yake tara kilo ɗaya na tsoka a wata, ni kuwa abin da na tara a makon Babbar Sallah kaɗai ya ninka haka. Wanda ya gagari lauya shi ne tela. Likitoci na cewa kewayen ƙugu kada ya kai rabin tsayin mutum. Mai tsayin santimita 174 ya tsaya ƙasa da 87, don kitsen da ke taruwa a ciki, kewaye da hanta da hanji, shi ne abokin tafiyar hawan jini da ciwon suga. Telana bai san da wannan ba. Ya dai zagaya ni da tef, hannayensa suka haɗu da kyar, ya dubi tsohon awon da ke littafinsa, ya yi shiru, sannan ya ce, "Alhaji, yadin nan biyar ne ka kawo ko?" Allah Ya saka wa wanda ya ƙirƙiro babbar riga.

Na yi kwanta-tashi ɗari-ɗari don in narkar da tumbin, alhali ni ne mai gaya wa mutane cewa jiki ba ya ɗebe kitse daga inda ake motsawa, daga ko'ina yake ɗiba, kuma sai abin da ke shiga ya gaza abin da ke fita. Na sayi ɗamarar roba mai sa gumi, na san ruwa kawai take fitarwa. Lissafin ba shi da tausayi: kilo ɗaya na kitse wajen kalori 7,700 ne, awa guda ta ɗaga ƙarfe kuwa 'yan ɗaruruwa take ƙonawa. Gorar lemo mai rabin lita na ɗauke da suga wajen giram 50, kalori 200 ke nan, ana shanye ta kafin a gama amsa gaisuwa. Ni kan sha mai sanyi bayan atisaye, don a mayar da abin da aka rasa. Ana kuwa mayarwa, har da riba.

Ba ni kaɗai ke riƙe wa lauyan nan jaka ba, dangi ma na taya ni. Akwai lokacin da na dage na sauke 'yan kiloli, wuyana ya fito. Na je gaishe da Hajiya, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Lafiya kuwa? Ko bashi ake bin ka?" Kafin in buɗe baki an ajiye min dambu da man shanu da kwanon fura. A wajenmu wanda ya rame shi ake yi wa jaje, mai teɓa kuwa an ce hutu ya zauna masa. Ga bismillah. Ban san yadda ake wuce tire ana cewa bismillah ba. Nakan ce "Alhamdu lillahi, na ƙoshi" hannuna na cikin kwanon wanke hannu.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne 'yan dakon kasuwar Dawanau. Yaro zai sunkuya a ɗora masa buhun masara mai kilo 100, ya hau katako da shi zuwa bayan tirela, ya sauko ya sake. Cikinsa a shafe, bayansa duk curi-curi. Garau-garau yake ci da mai da yaji, bai taɓa jin kalmar kalori ba. Na taɓa tsayawa ina kallon wani, har na fara yi masa bayanin tsokokin da yake amfani da su. Ya saurare ni cikin ladabi, ya goge gumi, ya ce, "Yallaɓai, in kaya ne da kai a nuna min motar."

Kwanan baya Koci ya gaji. Ya ce ƙarfina ya ƙaru, yanzu ina tura abin da bara ko motsa shi ban iya ba, akwai ƙirji da damtse na gaske a ƙarƙashin abin nan, amma babu mai ganinsu sai an kwashe abin da ke sama. Ya ba ni ƙaramin littafi ya ce in rubuta duk abin da ya shiga bakina na mako guda, kada in rage komai. Na karɓa da niyya mai kyau. Lauya ya nemi a ba shi dare ɗaya ya yi nazari, da safe ya kawo sharuɗɗa: abin da aka ci a tsaye ba ci ba ne, ɗanɗano ne, abincin suna da na ɗaurin aure hakkin zumunci ne, ragowar yara kuwa hana almubazzaranci ne, lada ma ake samu.

Na kai littafin ranar Asabar. Koci ya zauna a bakin benci yana karantawa: kunu ba suga, alale biyu, tuwo malmala ɗaya, kifi, lemon zaƙi. Ya juya shafi, ya sake juyawa, ya ɗago ya dubi cikina, ya koma kan littafin.

"Alhaji, wannan abincin wane ne?"

Na ce nawa ne.

Ya ce to, daga yau shi zai riƙa raka ni gida bayan atisaye, har ƙofa. Kuma ya riga ya aika wa uwargida saƙo ta hannun ƙanwarsa, an rage malmala, an ɓoye man shanu. Yana rakiyar kuwa, ba ya fashi. Mu wuce teburin mai shayi ina kallon gabana, mai shayi na kallon nasa. Sai dai mai shayin yana da ɗan aike, yaro mai hankali da ya san tagar ɗakin baƙi ta wajen lungu, kuma ya san a naɗe burodin a leda biyu saboda ƙamshi.