Faɗuwar da Ta Zo Daidai da Zama

Ni kam na daina tsoron dogon turanci, kuma da hujjata. Kalmomin da ake cika baki da su don a razana mutane, in ka bi salsalarsu, sau da yawa za ka tarar a ranar da wani ya sha kunya aka haife su. Ga defenestration, wato jefo mutum ta taga. Daga Latin take, inda fenestra ke nufin taga, amma abin da ya fito da ita fili ya faru ne a birnin Prag ranar 23 ga Mayu 1618, lokacin da manyan 'yan Furotesta suka cafke wakilan sarki biyu da magatakardansu, suka wurgo su daga benen fada. Duka ukun suka tsira. 'Yan Katolika suka ce mala'iku ne suka tare su, 'yan Furotesta suka ce ina, juji ne. Daga nan aka faɗa yaƙin shekara 30. Magatakardan kuwa faɗuwa ta zo masa daidai da zama, don daga baya an ba shi sarauta da laƙabin von Hohenfall, wato na faɗowa daga sama.

Wani zai ce to sai me, ai tunda ƙamus ya karɓi kalma ta sami mutunci. Sai dai shi ma ƙamus ɗan Adam ne ya rubuta shi. A 1934 babban ƙamus na Webster ya fito da kalmar dord. Asalinta wata 'yar takarda ce da aka rubuta D or d a kanta, ma'ana babban baƙin D ko ƙaramin na iya tsayawa a madadin density, wato nauyin abu gwargwadon girmansa. Aka haɗe haruffan, aka raɗa wa jaririya suna, har da yadda ake furta ta. Sai a 1939 wani edita ya lura ba ta da uwa ba ta da uba.

Na yarda doguwar kalma takan yi amfani in ta rage magana. Amma me za a ce da floccinaucinihilipilification, wadda Jacob Rees-Mogg ya furta a majalisar Birtaniya a 2012? An ƙera ta da kalmomin Latin huɗu, kowacce tana nufin abin da bai kai ya kawo ba. Haruffa 29 ke nan, duk don a ce an raina abu, aikin da tsaki ɗaya yake gamawa.