Wanda Ya Shafa Wa Gara Mai

Ina rubuta wannan maƙala ne a tsaye, saboda wani dalili da bai shafi mai karatu ba, kuma ina so a sani tun daga farko cewa ba labarin kaina na zo bayarwa ba. Magana ce ta hujja. Da'awata ita ce, duk magidancin da gara ta riga ta shige masa cikin katako, ya naɗe hannun riga ya ce shi da kansa zai yi mata magani da abin da ya samu a unguwa, abu ɗaya tak yake kashewa, wato shakkar da ke ransa, alhali wannan shakkar ce ke riƙe da mutuncinsa. Mai shakkar benci yakan ɗosana ne a gefe, saitin ƙafa, rabin nauyinsa a kan gwiwoyinsa, cikin shirin ko-ta-kwana. Wanda ya yi magani shi ke zama a tsakiya, har ya gayyato baƙo. Shaidata a kan haka wani bawan Allah ne a nan Birnin Gwari, wanda ba zan ambaci sunansa ba, amma na san lamarinsa kamar yunwar cikina.

Sai mun fara bambance gara da gara. Wadda kowa ya sani ita ce ta ƙasa, mai gina suri a gona, mai bin bango da hanyar laka. Wannan abokiyar gaba ce mai gaskiya. Ba ta iya rabuwa da danshi, don haka duk inda za ta sai ta gina rufaffen titi, kai kuma ka gani ka kankare. Akwai kuma ta busasshen katako, wadda ba ruwanta da ƙasa ko kaɗan. Mace da namiji masu fiffike sukan sauka a kan katako, su zubar da fikafikan, su shige wata 'yar tsaga su toshe ƙofa, shi ke nan amarya ta tare. Ci a nan, sha a nan, domin ɗan ruwan da ke jikin katakon ya ishe su. Zuriyarsu ba ta kai ta suri yawa ba, kuma a hankali take ƙaruwa, shi ya sa sai ta yi shekaru tana ɓarna ba a sani ba. Takan cinye ciki ta bar fatar waje siririya kamar takarda, da fentinta da ƙyallinta. Alama ɗaya take bayarwa, wasu 'yan ƙwayoyi masu tauri kamar yashi da take turowa ta ƙananan ramuka su taru a ƙasa, kuma kashinta ne. Idan abin da ke zubowa gari ne mai laushi kamar na tuwo, to wani ƙwaro ne daban, shi ma ba alheri ya kawo ba. Irin wannan gara ta fi yawa a Kudu, amma takan hau motar katako ta taho Arewa ba ta biya ko sisi ba. Duk wanda yake ganin idonsa ya isa ya gane aikin gara daga waje, ya tuna ƙissar Annabi Sulaiman, Alaihis Salam, a Suratu Saba'i: aljanu sun ci gaba da aikin wahala ba su san ya rasu ba, sai da gara ta cinye sandar da ya dogara a kanta. Abin da ya ɓuya wa aljanu, ina ga magidanci mai tocilan ɗin waya.

Shi wannan bawan Allah ya ga ƙwayoyin a ƙarƙashin bencin zaurensa ranar Talata. Ya karɓo galan ɗin baƙin mai a wajen bakanike, ya sirka da kananzir, ya tsiyaya fiya-fiya don ƙarin albarka, ya shafe benci sau biyu. Laraba ya duba, babu ƙwaya ko ɗaya. Alhamis ma haka. Ya kira matarsa a waya ya shaida mata cewa an gama da gara.

Za a ce mini ai iyayenmu da baƙin mai suke shafe gindin dirkar rumfa, kuma rumfunan suna nan. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma a lura da lokacin da suke shafawa, kafin a kafa dirka ne, tun itacen yana lafiya, kuma garar ƙasa suke tarewa, wadda dole sai ta bi ta kan man kafin ta shiga. Ƙofa suke rufewa ɓarawo yana waje. Mutuminmu kuwa ya rufe ƙofa ɓarawo yana uwar ɗaka. Mai ba ya ratsa katako fiye da 'yar fatar sama, fiya-fiya kuma tururinta ke kisa, ya fi saurin samun huhun mai shafawa a kan gara da ke can cikin rami, tun 2019 ma hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalaben irin wannan guba a kasuwanni. Ƙwayoyin sun daina zubowa ne don man ya liƙe ramukan da ake turo su. Wato bai hana ta ci ba, bayan gida kawai ya rufe mata.

Yanzu ga shaidar. Ranar Asabar matarsa ta dawo daga wankan jego a gidan iyayenta, an rako ta da gara kamar yadda aka saba: buhun masara, buhun shinkafa, jarkar man gyaɗa, fantekun alkaki da nakiya da dubulan. Mata suka tsaya sauke kaya a ƙofar gida, baffan matar kuwa, dattijo mai nauyin jiki da na magana, cikin farar shadda babbar riga da aka buga ta sha sitaci, ya shigo zaure. An shimfiɗa darduma a kan benci. Dattijon, da yake mutum ne mai lafiyayyar shakka, ya ƙwanƙwasa benci da sandarsa, ya ji amo irin na ganga, ya ce, "Malam, anya kuwa?" A nan ne maganin ya yi aikinsa. Mutumin da a ce makon jiya ne da ya ruga ya ɗauko tabarma, sai ya ce, "Baba, ku zauna babu komai, ni da kaina na yi masa magani." Don ya tabbatar, ya zauna a kai da ƙarfi, ya tashi, ya sake zama. Benci bai motsa ba. Ina roƙon mai karatu ya lura da wannan makircin, bai motsa ba. Dattijo ya yi bismillah ya zauna. Aka gaisa, suruki yana durƙushe a ƙasa inda ya kamata ya ci gaba da zama har ƙarshen rayuwarsa. Sai dattijon ya yi abin da bai taɓa yi ba cikin shekara uku, ya dafa darduma ya ce, "Taso nan kusa da ni, ɗana, ai yanzu ka zama uba." Ya ƙi sau biyu kamar yadda kunya ta tanada. A na uku ya tashi, da ƙwaryar fura a hannu, ya zauna.

Masu cewa katako yakan yi ƙara kafin ya karye ba su san katakon da gara ta ci ba. Lafiyayyen katako yakan yi gargaɗi, ya ce ƙyas, ya ba mutum damar miƙewa ya ce dama zan tashi. Wannan wani ɗan sauti ya yi kamar an taka ɓawon gyaɗa, sannan ya numfasa. Bai kuma karye a gefe ba, inda mutum ɗaya zai faɗi a ba shi haƙuri. A tsakiya ya naɗe, ƙafafunsa huɗu na tsaye daram, rabin dama da rabin hagu suka zama gangare biyu masu fuskantar juna, ga su sun sha mai, ga zafin bazara ya narkar da shi. Darduma ta zame. Duk wanda ya san ilimin gangare ya san abin da ya biyo baya: abu biyu masu nauyi a kan santsi biyu dole su haɗu a ƙasa. Mutumin da shekara uku bai taɓa haɗa ido da surukinsa ba, sai ga shi sun haɗa goshi. Hular dattijo ta yi gabas. Furar ta yi sama, ta ɗan tsaya kamar tana shawara, sannan ta zaɓi farar shadda. Daga cikin benci kuma sai ga ajiyar kwana huɗu da ta shekarun baya tana kwararowa, shuuu, kamar an farke buhun gero, tana cika aljihun babbar riga. Daidai lokacin ne matan suka shigo zaure da fanteka a ka, ta gaba ta ɗauko guɗa, ta kai tsakiya, ta yanke. Ban taɓa jin, wato bai taɓa jin shiru mai nauyin rabin guɗa ba.

Amma ba faɗuwar ce ke hana shi barci ba. Kowa na iya faɗuwa. Abin da ke dawo masa duk dare shi ne hannayensa, waɗanda a cikin neman abin kamawa suka rungume dattijon ta wuya, suka kuma ƙi saki, ya bar masa tambarin yatsu goma na baƙin mai a kafaɗa. Da kuma abin da ya fito daga bakinsa. Harshen Hausa cike yake da kalmomin irin wannan wuri: akwai sannu, akwai subhanallahi, akwai ku gafarce ni. Shi kuwa, hancinsa na gogar hancin surukinsa, fura na ɗiga daga gemun dattijo, sai ya ji bakinsa ya ce, "Kun zo lafiya, Baba?" Dattijon kuma, Allah Ya ƙara masa girma, ya amsa, "Lafiya lau." Ya juya wannan tambaya ta kowace fuska, a kwance rub da ciki, bai samo inda ta fito ba.

Duk wannan a gaban maƙwabcinsa aka yi, wani tsohon direban babbar mota da ya leƙo tun da ya ji ƙamshin alkaki. Bai miƙa wa kowa hannu ba. Ya tsuguna ya ɗebi ƙwayoyin, ya murza, ya shinshina, ya ce, "Maigida, ai ba haka ake yi ba. Zabi ake saya." Ya yi bayani, su biyun suna ƙasa, cewa zabuwa ba ta barin gara, a ɗaure guda biyu a ƙafar benci kwana bakwai. Da aka ce masa garar tana cikin katako, ya ce to sai a kunna mata rediyo, ba ta son surutu, shi a Legas ya ga ana yi. Ya ƙara da cewa kada a riƙa kiran sunanta da dare. Ya zagaya gawar bencin sau ɗaya, hannu a baya kamar mai duba taya, sannan ya yanke hukunci: "Ni da nawa ne, da tun jiya na sayar." Na bi shawarwarin nan ɗaya bayan ɗaya da idon basira, kuma adalci ya sa in faɗa, duk sun fi baƙin mai. Zabuwa ba ta ɓata shadda. Rediyo bai taɓa sa wani ya ce wa surukinsa ya zauna babu komai ba.

Saura ƙorafi mai ƙarfi, cewa talaka ba shi da zaɓi. A Amurka akan lulluɓe gida sukutum da tanti a busa masa iskar guba, mu kuwa wa zai ɗauko gwani daga Kaduna, tafiyar fiye da kilomita 100, a kan hanyar da kowa ya san tarihinta na rashin tsaro, saboda benci? Na yarda. Sai dai abin da ke aiki ya fi baƙin mai araha. Wannan gara ba ta jure zafi, idan tsakiyar katako ya kai digiri 49 zuwa 50 ya daɗe fiye da rabin sa'a, ta mutu. A naɗe kujera da baƙar leda a shanya ta a ranar Afrilu kwana biyu ko uku ana juyawa, rana ba ta karɓar kuɗi. A bi katako da sukundireba ana dannawa, inda ya lotsa a cire a sa a murhu. Sabon katako a shafe shi da maganin katako da fenti ta kowace fuska, har da ƙasa da bakin yanka, tun kafin kafinta ya buga ƙusa. A kuma zaɓi itace: kirya da ake sassaƙa turmi da ita, ko maɗaci, ko azarar giginya da magina suka dogara da ita tun kaka da kakanni. Wani zai ce abin kunya ne mutumin Birnin Gwari ya zauna a kan farin katakon Kudu ga daji a bayan gida. To dajin Kamuku tun 1936 En'e ta keɓe shi, a 1999 ya zama gandun ƙasa, ba a sara a ciki, sauran dajin kuma an yi shekaru ba mai shiga neman itacen benci ya dawo da labari mai daɗi, a garin da sai ƙarshen 2024 aka sake buɗe kasuwar shanunsa. Saboda haka katakon da ya samu shi za a saya, a kuma ci gaba da zarginsa.

Dattijon dai an tashe shi, an ba shi aron riga wadda ta tsaya masa a gwiwa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. An rako shi bakin mota, ya tsaya ya dubi buhunan da aka jingine a ƙofar gida, ya zazzage aljihun wandonsa, ƙwayoyi suka zubo, sannan ya dube ni ya ce, "Ɗana, da kun faɗa mana kuna da gara a gida, ai da ba mu wahalar da kanmu mun kawo wata ba."