Kuɗin shararka sun tafi ga faifai

Zuwa ga taubashina, sarkin roƙo,

Yaya Gwaggo da ƙafa? Ka ce mata maganin shafawar yana hanya. Saƙonka na neman kuɗin shara ya iso tun watan bai kama ba. To, sai haƙuri, kuɗin sun shige aljihun wani tsoho mai sayar da faya-fayan garmaho a nan Mancesta. Disraeli Gears na saya, kuma ko ƙarata za ka kai wurin Baffa, ba na nadama.

Faifan ƙungiyar Cream ne, ya fito a Nuwamban 1967. Su uku ne rak: Eric Clapton da jita, Jack Bruce da jitar bes kuma shi ke yawan waƙar, sai Ginger Baker a kan ganguna. A situdiyon Atlantic da ke New York suka ɗauke shi cikin 'yan kwanaki, don bizarsu ta kusa ƙarewa. Ka ji masu zuciya, ba irinka ba da keken Baffa ke jiran gyaranka tun bara. Bangon faifan kuwa, wanda Martin Sharp ya zana, ja ne da ruwan hoda masu kashe ido. Na san da ka gan shi tela za ka nufa a ɗinka maka irinsa na Sallah.

Amma kiɗan, taubashi! A waƙar "Tales of Brave Ulysses" Clapton na taka wani ɗan akwati da ƙafa, muryar jitar ta buɗe ta rufe, kamar yadda makaɗi ke matsa kalangu a hammata har ya yi magana. A "Sunshine of Your Love" kuwa bes da jita ne ke gangarowa tare kan kiɗa ɗaya, Baker ya bar inda makaɗan Turawa suka saba duka, ya koma kan gangunansa masu kauri yana saukar da nauyi a bugun farko da na uku. Wallahi a ƙirji nake jin sa. Maƙwabcina ma ya ji, ya ƙwanƙwasa ƙofa, na ɗauka faɗa ya kawo shi, ashe so yake a ƙara murya.

Wannan Baker shi ya sace min zuciya. Manyan gangunan ƙafa biyu yake takawa, ga zafin rai, shi da Bruce ba sa ga-maciji, har ƙungiyar ta watse a 1968. A 1971 ya yi faifai da Fela Kuti, ya ratsa Sahara da Range Rover har Legas, daga baya ya buɗe situdiyo a Ikeja, kuma a ƙasarmu ya koyi wasan folo. Bature ya keto hamada saboda ganga, kai kuwa Zariya aka aike ka ka ce rana ta yi zafi. Baker ya rasu a 2019, Bruce tun 2014, Clapton ne ya rage.

Ka nemo faifan a wayarka ka saurara tun daga waƙar "Strange Brew", kada ka tsallake ko ɗaya. Ka sa abin kunne, kada Gwaggo tana lazimi ka tayar mata da hankali ka ce ni na sa ka. Ka gaida Inna da yara, ka aiko min da yaji da kuka ta hannun duk mai zuwa.

Naka,
ubangidanka na Mancesta